Kiran Wule

Tun da Goggo Iyatu ta ajiye wayar ta ƙi kallon inda take, Zulfa ta san ba lafiya ba. Goggo mace ce da ko gishiri ya yi wa miya yawa sai ta yi masa jawabi, amma yau ga ta ta yi shiru tana ninke ɗankwalin da ta riga ta ninke.

"Goggo, Baffa ne?"

"Shi ne. Ya ce gobe ki je Jahun. Ya ce ki tafi da yaron nan mai maula."

"Mai maula kuma?"

"Yadda ya faɗa na faɗa miki. Fahad ne ya je da bidiyon Kamilu kara ranar kasuwa, ya kunna wa dillalan shanu. Ubanki na zaune a wurin."

Zulfa ta zauna a bakin katifa ba tare da ta shirya zama ba.

Shekararta ta ƙarshe ke nan a jami'a, kuma tun da ta fara karatun take zaune a unguwar Yalwawa a Dutse wajen Goggo, ƙanwar mahaifinta. A nan Dutsen ta haɗu da Kamilu, wanda ya karanci kwamfuta ya rasa aiki, ya kama gyaran waya a wata 'yar rumfa. Abin da rumfar ta kawo shi yake zubawa a wani wasan waya da yake ƙirƙira, gem da ya sa wa suna Burtali. A cikinsa mai wasa makiyayi ne da zai kora garke ya kai gida ba tare da saniya ko ɗaya ta faɗa gonar mutane ba. Don ya samu kuɗin ƙarasa shi ne ya sa bidiyo a wani shafin intanet yana neman tallafin jama'a.

Da ƙyar da jiɓin goshi Goggo ta shawo kan Alhaji Barau, mahaifin Zulfa, har ya ce bayan an gama bincike Kamilu zai iya turo magabatansa. Wannan magana ba ta yi wa Fahad daɗi ba. Ɗan ƙanin Baffa ne, yana aiki a sakatariya, yana da mota da gida, kuma ya daɗe yana yi wa Zulfa kallon tasa.

Goggo ta ɗago ta dube ta. "Ba maular ce ta fi ƙona masa rai ba. Ki gaya min gaskiya, muryar wa ke tashi a farkon bidiyon nan?"

Zulfa ta sunkuyar da kai. Hawaye suka riga bakinta ba da amsa.

Da hutun Sallah ne, da asuba, ta bi Baffa ruga a ɓoye ta laɓe bayan zana. Ta ji shi yana kiran Wule, saniya mai farin goshi da ba ya yarda kowa ya tatsa sai shi. Kira ne mai ja, siriri, ba irin muryarsa ta kullum ba. Ya yi mata daɗi har tsigar jikinta ta tashi, ta ɗauka a waya, ta tura wa Kamilu da murna tana cewa ga sautin da Burtali ya rasa.

"Innalillahi," in ji Goggo a hankali. "Ke yarinyar nan ba ki san abin da kika ɗauko ba."

"Mene ne, Goggo?"

"Ba a bakina za ki ji ba."

Bayan la'asar Kamilu ya iso, ko sallamar kirki bai gama ba ya miƙo mata waya a zaure, bakinsa har kunne.

"Zulfa, duba! Saura ƙiris ya cika. Wani daga Kamaru ya rubuta cewa kiran nan ya sa shi kuka, ya tuna masa da kakarsa. Wata daga Ghana ta ce..."

Sai a lokacin ya ga idanunta.

"Wa ya rasu?"

"Babu. Ya Fahad ya kunna wa Baffa bidiyon a gaban mutane. Yana nemanmu gobe, ni da kai. Ya kira ka mai maula."

Kamilu ya zauna a kan benci. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya kife ta a cinyarsa.

"Ba maula ba ce, Zulfa, kin fi kowa sani. Kamar gayya ce. Mutane su sa hannu a gama aikin, idan gem ya fito kowa ya sami nasa, a rubuta sunansa a ciki. Ban ce kowa ya ba ni sadaka ba."

"Ni na gane. Ba ni za ka fahimtar ba."

"Zan yi masa bayani."

"Ka yi masa bayanin me ya kai muryarsa cikin gayyar taka?" Ta share fuska da gefen hijabi. "Kamilu, ba za a iya cire kiran a bar sauran ba?"

Ya yi wata dariya mara daɗi.

"Kin manta yadda muka fara? Manyan shafukan waje suka ƙi karɓar asusuna saboda ƙasar da nake. Da na samu na gida, na sa bidiyon farko ina ta bayani kamar malamin makaranta, wa ya kula? Wani ya ce ƙato da ni ina wasan yara. Wani ya ce ɗan damfara ne. Abokaina da suka rantse za su saka, kowa wayarsa ta lalace a rana ɗaya. Sai da na sa kiran nan mutane suka tsaya suka saurara. Ba ni suke biya ba, Zulfa, muryar suke biya."

"Ka ji abin da ka faɗa kuwa?"

Ya ji. Ya kawar da kai.

"Kuma ƙa'idar shafin kin san ta," ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa. "In bai cika kafin wa'adi ba, kowa a mayar masa da nasa, ni in tashi a tutar babu. In na taɓa bidiyon yanzu za su ce ga shi, dama mun faɗa, ya fara sauya magana. Mai zanen da ke taya ni ya ce ba zai ƙara zana ko ƙaho ɗaya kyauta ba. Kwamfutar ma sai na ɗora ta a kan bulo saboda zafi. Wannan ce sana'ar da zan nuna wa Baffa. In ta rushe, da me zan tsaya gabansa? Da sukurdireba?"

"Laifina ne. Ni na ɗauko."

"Zan ce ni na sa ki."

"Kada ka soma. Baffa zai iya yafe wauta, ba ya yafe ƙarya." Kukan ya ƙwace mata sosai. "Ni dai tambaya ɗaya zan yi maka. In aka ce ka zaɓa fa? Ni ko Burtali?"

A littattafan da Zulfa ta karanta, a nan ne saurayi ke dafa ƙirji ya rantse. Kamilu bai dafa komai ba. Ya buɗe baki ya rufe, ya dubi takalminsa. Ni kam ban ga laifinsa ba, don wanda ya zuba ƙuruciyarsa a abu ba ya sakinsa a numfashi ɗaya. Amma Zulfa ba ta ga haka ba. Shirun nan ya soke ta fiye da duk abin da Fahad ya yi.

"Na ji amsarka," ta ce, ta miƙe.

"Ban ce komai ba."

"Shi ne ai."

Ta shige gida ta bar shi da wayarsa tana ta ƙara, saƙon masu saka tallafi na shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Washegari a motar Jahun Goggo ce ta zauna tsakaninsu. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai hagu da dama, amma babu wanda ya yaba. Daga tasha suka hau adaidaita zuwa bayan gari, inda Alhaji Barau ke ajiye garkensa. Duk da yana da gidan siminti a cikin gari da rumfa a kara, in magana ta yi nauyi a ruga yake yin ta.

Sun same shi a gindin tsamiya kan buzu, dogo, siriri, sandarsa kwance a gefe. Motar Fahad na fake nesa kaɗan don kada taɓo ya ɓata ta, shi kuma yana zaune kusa da Baffa cikin shadda mai maiƙo.

Kamilu ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi mutanen Dutse. Baffa bai dubi Zulfa ba. Dama 'yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa, amma yau rashin kallon daban yake.

"Samari," in ji shi, "an ce min kana da sana'a. Sai na ga ka tsaya gaban duniya kana cewa a taimaka."

"Ranka ya daɗe, ba bara ba ce. Kamar gayya ce. Kowa ya sa hannu..."

"Na san gayya. A gayya na san mai gona, ya san ni, na ga gonar da idona. Waɗannan sun san ka?"

"Ba su san ni ba."

"To me suka gani suka yarda?"



Fahad ya gyara zama. "Baffa, ai na gaya maka. Yaran nan na intanet ba abin da ba za su sayar ba. Yau muryarka, gobe hoton iyalinka. Ni kunya ce ta kama ni da na ji mutane na dariya, wai Alhaji Barau da muryar mata ana tara kuɗi da ita."

Baffa ya yi kamar bai ji ba. "Wa ya ba ka muryata?"

"Ranka ya daɗe, ni ne na..."

"Ni ce, Baffa." Zulfa ce ta katse shi. "Ni na laɓe na ɗauka. Bai sa ni ba. Daɗi ta yi min, na zaci kiran shanu ne kawai. Ka yafe min."

Baffa ya ɗauki sandarsa ya ɗora a cinya. Kowa ya zaci kan Zulfa zai juya, sai ya juya ga Fahad.

"Kai kuma, da ka ga abin, gidana ka rasa hanyarsa?"

"Baffa, ni so na yi ka gani da..."

"Waɗannan sun kai ni kasuwa ba su sani ba. Kai ka san muryata, ka san ni, ka zaɓi ranar kasuwa ka ƙure ƙarar waya. Tashi ka je ka gai da mahaifinka."

Fahad ya so ya yi magana, ya ga fuskar Baffa, ya fasa. Ya tashi ya shiga motarsa ya tafi.

Goggo ta dubi yayanta. "Yaya, ka gaya mata. Ta girma. Rashin sani ne ya jawo wannan."

Baffa ya daɗe yana kallon turakun da babu shanu a kansu, don garken na daji. Da ya fara magana, da tsamiyar yake yi, ba da kowa ba.

"Kiran nan ba nawa ba ne. Na mahaifiyarki ne."

Zulfa ta ɗago da sauri. Tun da take, ba ta taɓa jin ya ambaci mahaifiyarta ba. Abin da ta sani kawai shi ne ta rasu Zulfa na jaririya, babu hoto, babu labari.

"Saniyar sadakinta ita kaɗai take tatsa, da wannan kiran. Da Allah ya karɓe ta, saniyar ta riƙe nono. Kowa ya gwada, ta ƙi. Ga ki kina kuka har muryarki ta dushe, babu mai shayarwa a kusa, sauran shanun sun tafi kiwo nesa. Sai na fita da asuba ni kaɗai, na duba babu kowa, na siranta murya na yi yadda take yi." Ya shafa sandarsa. "Saniyar ta juyo ta dube ni. Ta saki nono. Da shi kika rayu."

Zulfa ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta na girgiza. Goggo ma ta juya baya.

"Saniyar ta mutu tuni. 'Yarta ta tashi da kiran, jikarta Wule ma haka. Ina da masu kiwo, ba na buƙatar tatsa. Amma ina zuwa. Abu ɗaya ke nan da ya rage tsakanina da baiwar Allahn nan, ban taɓa yin sa gaban mutum ba. Shi na ji yana tashi a kara, dillalai na tafa hannu, a ƙarƙashinsa an rubuta a saka kuɗi."

Kunya ta rufe Kamilu har ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya tuna daren da ya datsa kiran nan ya daidaita shi da kiɗa, yana murna ya samu abin da zai taɓa zuciyar mutane. Ashe zuciyar wani ya ɗauko ɗungurungum.

Ya zaro wayar daga aljihu.

"Ranka ya daɗe, ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da ya riga ya yaɗu ba ni da ikon dawo da shi. Wasu sun sauke, wasu sun tura wa wasu."

"To me ya rage?"

"Ya rage kada a ci ko sisi a kansa."

Zulfa ta gane kafin Baffa ya gane. "Kamilu, cire bidiyon kawai ya isa. Wataƙila ya cika a haka, saura ƙiris fa..."

"Waɗanda suka riga suka saka, don me suka saka?" Ya dube ta, idanunsa sun yi ja. "Jiya kin tambaye ni na kasa amsawa. Ban so in faɗi abin da ba zan iya ba."

Ya buɗe shafin. Layin da ke nuna tallafi ya kusa taɓa ƙarshe, har wani sabo ya shigo yana kallo. Ya nemo wurin soke gidauniyar. Shafin ya tambaye shi ko ya tabbata, ya gargaɗe shi cewa ba a dawowa. Ya ce bismillahi ya danna. Layin ya koma fari tas, kamar ba a taɓa saka komai ba.

Ya ajiye wayar a kan ƙasa gaban Baffa.

"An mayar wa kowa nasa. Zan cire kiran daga cikin gem ɗin ma."

"Yanzu da me ka rage?" in ji Baffa.

"Da rumfar gyaran waya, da aikin da ban ƙarasa ba. In na sake nema, da wuya su yarda da ni."

"Ɗan ƙanina yana da albashi da gida."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Wayar ta fara ƙara a ƙasa. Saƙonni ne, kuma daga inda Zulfa take tana hango kalmar damfara a na farko. Kamilu bai kai hannu ba.

Baffa ya juya, karo na farko ya dubi 'yarsa. "Ke yarinya, taki wayar fa? Yana ciki?"

"Yana ciki."

"Goge shi."

Ta fito da wayar ta nemo shi. Yatsanta ya tsaya a sama ya ƙi sauka. Hawaye na ɗiga kan gilashin.

"Baffa, ban san fuskarta ba. Ban san muryarta ba. Ashe duk lokacin da nake kunna wannan ina jin wani abu a ƙirjina, ita nake ji. Zan goge tunda ka ce. Ka bar ni in ji sau ɗaya ina sane."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ta kunna a hankali. Kiran ya tashi ƙarƙashin tsamiyar, siriri, yana ja yana karyewa a tsakiya. Alhaji Barau, wanda ko a jana'izar matarsa ba a ga hawayensa ba, ya ja rawaninsa ya rufe rabin fuska.

Can daga bakin daji, inda garken ya fara dawowa, wata saniya ta amsa.

Da kiran ya ƙare Zulfa ta danna ta goge, ta nuna masa. Ya gyaɗa kai. Ya dogara sanda ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya kama hanyar turaku. Ya yi 'yan taku ya tsaya, bai juyo ba.

"Ke yarinya, gobe da asuba ki zo ki koya da bakinki. Muryata ta fara gajiya, kuma dama gadonki ne."

Zulfa ta gyaɗa kai.

Kamilu ya ɗauki wayarsa ya fara laluben takalmi. Ba a kore shi ba, amma ba a ce masa komai ba, kuma ya san ma'anar hakan. Ya durƙusa zai yi sallama.

"Samari."

"Ranka ya daɗe."

"Akwai ɗakin baƙi a gida. Ka kwana, da asuba ka biyo ta." Baffa ya juyo ya dube shi. "Ban ce na ba ka ba tukuna. Amma wanda zai shigo gidana gara ya ji abin da kunnensa. Ka bar wayarka a ɗaki."

Goggo ta kama hannun Zulfa ta matse har ya yi zafi. Wayar Kamilu ta sake ƙara a tafinsa, wani na zaginsa daga wata ƙasa. Ya dube ta, ya dubi garken da ke shigowa da mai farin goshi a gaba, ya danna ya kashe wayar.